Hamman da Maus na Hannun Hagu

Shekara bakwai ke nan da muka kai Hamman makwancinsa a Sorau. Abokina ne tun muna sakandare. Shi ya zama mai haɗa manhajar kwamfuta, ni kuwa na samu aikin yanka kati a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Sabon Layi.

Da aka kawo mana kwamfuta, sai layin marasa lafiya ya ƙara tsawo maimakon ya ragu. Mai asibitin ya ba ni zuwa ƙarshen wata: ko in ƙara sauri, ko ya nemo wani. Ga mata, ga 'ya'ya uku. Hankalina ya tashi ƙwarai, na kai wa Hamman kuka, tunda shi ya haɗa manhajar da aka saka mana a kwamfutar.

Na zaci zai hau kwamfutar da bincike. Sai ya samu benci cikin marasa lafiya, ya zauna yana ɓare gyaɗa har azahar, sannan ya taso.

"Modu, ba kai ne matsala ba," in ji shi. "Hannunka na dama aka ba aiki biyu."

Haka ne kuwa. In dattijo ya miƙo kati, ba zan karɓa da hagu ba ko da wasa. Sai in saki maus, wato linzamin kwamfuta, in karɓa, in dawo in lalubo inda 'yar kibiyar ta shige a allo, in sake saki in miƙa masa katinsa. Hamman ya mayar da maus ɗin ɓangaren hagu. Hagun nawa kuwa bai saba ba, danna sau biyu a jere ma ya gagare shi. Sai ya sake fasalin manhajar: dannawa ɗaya ta isa, kowane maɓalli ka taɓa aiki guda yake yi, akwatunan allo kuma manya. Ya shiga kasuwa ya kwaso tsofaffin maus, wani babu tayar tsakiya, wani maɓallin damansa ya mutu, ya gwada kowanne don ya tabbatar manhajar za ta yi aiki da shi. Na ce masa saura ya yanka musu kati. Wata ya ƙare, mai asibiti bai sake tayar da maganar ba.

Bara aka canza mana manhaja. Tana da kyau, amma wanda ya tsara ta ya ɗauka kowa sabon maus gare shi, hannunsa na dama kuma zaune yake babu aiki. Nakan so in san me Hamman zai ce. Zai yi faɗa ne, ko benci zai nema? Wayoyin nan da ake shafawa da yatsa fa, wane hannu zai tsaya kallo?

Manhajarsa ta tafi da tsohuwar kwamfutar, ba wanda ya ajiye ta. Aikina ne ya rage, da tambayar da ban taɓa yi masa ba: yaya aka yi ya gani, alhali ni mai hannun ban gani ba? Makon jiya na je Sorau gaishe da mahaifiyarsa, na ba ta labarin. Ta yi murmushi.

"Ɗana, ai Hamman bahago ne na haife shi. Da ɗankwali na ɗaure hannun, shekara biyu, kafin ya koyi cin tuwo da dama."

Shekara ashirin muna cin abinci a kwano ɗaya, ban taɓa sani ba. Allah ya jiƙansa.