Dattijo Mai Lasar Duwatsu

Kwana tara ke nan ina jinyar yayata, ko yunwa na daina ji. A bencin da ke gabana akwai wani dattijo mai tsohuwar kwat, da ɗan gilashin dubawa rataye a wuyansa. Yana tsintar ƙananan duwatsu a harabar asibitin, ya lasa, ya duba, ya ware su kashi uku. Ina jin a aikin haƙar ma'adinai ya tsufa.

Ya kama ni ina kallonsa.

"Sai da yawu ƙwayar dutse ke fitowa, 'yata," in ji shi. "Wannan narkewa ya yi, ya huce. Wannan yashi ne da laka, ruwa ya jibge su har suka manne."

"Na ukun fa, Baba?"

"Ɗayansu ne a da. Zafi da nauyi suka matse shi. Bai narke ba, amma ba shi ba ne kuma."

Nas ta fito daga ɗakin da aka kwantar da matarsa, riƙe da leda, zanen matar da silifanta a ciki. Ta tsaya a kansa. Ya dubi ledar, ya sunkuya, ya ɗauki wani dutsen ya kai baki.