Dada a Bakin Ƙofa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda duk muke kira Dada. In lokacin ya zagayo nakan toya masa in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in koma kan keken ɗinkina. Bana abin bai tsaya nan ba, domin 'yata Maimuna tana da tsohon ciki, ni kuma tari ya maƙale mini a ƙirji. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Waɗanda suka san Dada a ƙarshen rayuwarta nan Garuwa sun san ta da hali guda: ba ta ɗaukar jariri. Takan zo barka da sabulu da turmin zane, ta tsaya a bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi, ta sa albarka daga nan ta juya. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce ƙyama. Ba su san ta a da ba. A da ita ake aika wa in an haihu a unguwarmu. Ita ke wanka, ita ke gasa cibiya, ita ke tauna dabino ta shafa wa jariri a dasashi, sannan ta ɗora shi a ƙirji tana yi masa tsiya wai ya ɗauko hancin ubansa.

Haka ta yi wa ɗana Sadiku, ƙanin Maimuna. Ba haihuwar fari ba ce, amma ta dage sai na zo gida wankan jego. Tana ɗan tari a lokacin, irin na manya wanda ba ya kwantar da mutum. Ta ce sanyin damina ne, ta sha citta da kanumfari ta ci gaba da hidimarta. Kusan kullum a ƙirjinta yake barci.

Da mura ciwon Sadiku ya fara. Mu kuwa abin da muka sani game da tarin shiƙa shi ne wannan jan numfashi mai ƙara da manyan yara ke yi. Sadiku bai yi shi ba, don haka ba mu gane ba. Numfashinsa ne kawai yake ɗaukewa, leɓunansa su yi duhu, in girgiza shi ya dawo. A asibiti likita ya dube mu ya ce, "Wa ke tari a gidan?" Dada tana riƙe da ƙullin kayanmu. Ta ce, "Ni ce, likita." Yaron bai kai mako shida da ake fara yi wa jarirai riga-kafin wannan tarin ba. Ban gama arba'in da shi ba ya rasu.

Ba wanda ya ɗora mata laifi. Aka ce kwana ne ya ƙare, ta amsa da haka ne. Amma daga ranar hannunta bai sake taɓa jariri ba har ta koma ga Allah.

Kwanan baya na raka Maimuna awon ciki. Na tambayi ungozomar asibitin ko allurar da aka riga aka yi mata ta isa. Ta ce, "A'a, Mama, waccan ta tetanos ce, ciwon da ke shiga jariri ta cibiya. Ta tarin shiƙa daban take." Ta ce uwa ake yi wa a watannin ƙarshe, jikinta ya haɗa kariya ya miƙa wa ɗan tun yana ciki, ta riƙe shi har ya kai lokacin tasa allurar. Da ban tambaya ba, da mun tafi muna zaton an gama. A firjinsu ma babu ita. Ta rubuta mana, mijin Maimuna ya zagaya farmasi har ya samu, ya kawo ta cikin kula da ƙanƙara a bayan moto, wato babur, cikin ranar Garuwa da ke narkar da takalmin roba. Har aka soka allurar ina kallon ƙanƙarar nan, ina addu'ar kada a ce allurar ta lalace a hanya.

Ina tambayar kaina me Dada za ta ce da ta ga haka. Ina jin za ta fara da musu, ta ce tun yaushe ake yi wa uwa allura don tarin ɗa. Sannan ta bi gida-gida tana jan masu ciki da hannu zuwa asibiti.

A ranar, muna shirin fita daga asibitin tarin ya taso mini. Ungozomar ta ce in ga likita a ranar, in shanye maganin da za a ba ni duka, kuma kada in kusanci jariri sai an ce na daina yaɗawa. Na ce da ita, ashe ana dainawa? Ta yi dariya ta ce, "Sosai, Mama. Ko ba magani ma, makonni ne ya wuce." Na nemi benci na zauna. Shekara goma sha uku Dada ta yi a bakin ƙofa, jikoki suna ta zuwa, ba wanda ya gaya mata wannan.

Na ga likita, na shanye maganin, ya ce ba sauran haɗari. Duk da haka ko gyaran murya na yi sai in tsargu. Jiya Maimuna ta ce, "Mama, ke za ki fara ɗaukarsa fa." Na ce to, ban iya haɗa ido da ita ba.

Kayan Dada duk an raba, mayafin nan ne kaɗai na riƙe. Ranar da aka haihu zan yafa shi in je. Na san ƙafata za ta tsaya a bakin ƙofar nan, daidai inda tata take tsayawa. Ku taya ni addu'a Allah ya ba ni ƙarfin shiga, domin hannun mutum biyu zan miƙa, nawa da nata.