Kitson Isuhu a Gaban Kwamiti

In aka ce in zaɓi rana guda daga cikin shekarun da na yi ina aikin gwamnati a ƙasar nan, ranar da Isuhu direba ya tsaya gaban kwamitinmu a garin Wheaton, kusa da Washington, zan ɗauka. Ku da kuka kama aiki kwanan nan ku saurara, don na ji wasunku na cewa zaman jin ra'ayin jama'a ɓata Asabar ne kawai.

A farkon shekarun 2010 ni ce jami'ar da ofishinmu ya tura wa kwamitin ba da shawara kan ƙa'idojin ciyar da 'ya'ya. Ga wanda bai san harkar ba: idan aure ya mutu a nan, alƙali ba da ka yake yanke abin da uba ko uwa za su riƙa bayarwa ba. Akwai ƙa'idar da jiha ta shimfiɗa, mai duba samun kowannensu da kuma inda yaran suke zama. Doka ta ce duk bayan shekara huɗu a sake duba ƙa'idar, to aikin kwamitinmu ke nan. Ba ya yin doka, ba ya yanke wa kowa hukunci. Rahoto yake rubutawa ya miƙa wa majalisa.

Shugabar kwamitin tsohuwar alƙaliya ce, Misis Hargrove, baƙar fata, doguwa, ba ta da yawan fara'a. Akwai lauyoyi, akwai masanin tattalin arziki, sai wakilin iyayen da ke biya da wakiliyar iyayen da ke karɓa. Waɗannan biyun ba sa ga-maciji. In ɗaya ya ce gabas, ɗayar yamma za ta ce. Ni ba ni da ƙuri'a. Nawa shi ne kama zaure, fitar da sanarwa, karɓar sunayen masu son magana, da rubuta abin da aka faɗa.

Ana saura mako guda a yi zaman Wheaton sai wayar ofis ta yi ƙara. Isuhu ne, ɗan Maraɗi, mai jigilar fasinjoji daga filin jirgi da dare. Bayan mun gaisa ya ce, "Hajiya, an ce ke ka rubuta suna. Ki sa ni." Na sa shi. Washegari sai ga saƙon Saratu, 'yar Zariya, nas a wani asibiti, ita ma tana son magana. Ita kuwa Saratu tsohuwar matar Isuhu ce. Suna da tagwaye mata, Hassana da Usaina, waɗanda a lokacin ba su daɗe da shiga firamare ba. Rabuwarsu ba ta yi daɗi ba. Dattawanmu na Hausawan nan sun yi ta kai-komo har suka gaji, aka ƙare a kotu. Ko a taron suna aka haɗu, in ɗaya ya shigo ɗayan fita yake.

Na je na sami shugaba na ce, "Ranki ya daɗe, akwai mutum biyu da na sani a cikin masu magana. Mata da miji ne da suka rabu, kuma ina tsoron a yi abin kunya."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Kin kyauta da kika faɗa. Zauren na kowa ne, ba mu hana kowa. Ki zaunar da su nesa da juna, ki kuma nemi tafinta."

Ranar Asabar ce, lokacin da ganyaye suka yi ja suna zuba. Zauren yana saman wani laburare. Na zaunar da Isuhu can gefen taga, Saratu kuma kusa da ƙofa, na roƙi mai gadi ya tsaya daga tsakiya. Isuhu daga aiki ya wuto, bai runtsa ba, amma ya canza kaya ya sa farar shadda. Tsarin shi ne a kira mutum, ya yi magana minti uku, 'yan kwamiti su yi tambaya in suna da ita. Mutane suka yi ta zuwa, wani da kuka, wani da faɗa. Har aka kusa zuwa kan Isuhu tafinta bai iso ba, cunkoso ya riƙe shi a babbar hanyar da ta zagaye Washington.

Isuhu yana jin Turanci daidai na aiki, amma ba na irin wannan wuri ba. Shugaba ta sanar a fili cewa ni zan fassara, kuma na san mutanen biyu, ta tambaya ko akwai mai ja. Ta dubi Saratu musamman. Saratu ta amsa da Turanci cewa ba ta da ja, sannan ta juyo gare ni da Hausa: "Fassara, Anti. In kika ƙara gishiri ina ji."

Isuhu ya kama makirufo da hannu biyu. Ya ce, "Ni ban zo kai ƙarar kowa ba. To, tambaya gare ni. Da asuba ina tashi aiki in tahi gidan uwassu, don ita da sahe taka hita. Ni ka yi musu wanka, in ba su abinci, in kai su lakwal, makaranta ke nan. In yi barci kaɗan, in koma in ɗauko su. Mu yi aikin gida, mu ci tuwo. In uwassu ta dawo da magariba in miƙa mata su, in kama hanyar jirgi. Amma lauya ya ce mini dare aka ƙirgawa, ba rana ba. Tunda ba su kwana wurina, wai ni mai ziyara ne."

A nan ne matsalar take. Ƙa'idar tana auna rabon riƙon yara ne da yawan daren da suka kwana a gidan kowane. An yi haka ne don sauƙi, kuma ga yawancin mutane yana tafiya daidai. Amma ga mai aikin dare, komai ya yi da rana kamar bai yi ba.

Ya ci gaba: "Darena na mutanen jirgi ne, da shi nika ciyar da su. Kuma yaro da dare barci yakai. Da rana ne yaka jin yunwa, da rana ne yaka rashin ji. Ba kuɗin ne suka kawo ni ba, abin da aka ce in bayar ina bayarwa. So nike a san ina nan."

Na fassara. Sai aka kira Saratu.

Ta taso da takardarta a hannu. Na ga mai gadi ya gyara tsayuwa. Da Turanci ta yi magana, mai kyau kuwa. Ta ce maganar inshorar lafiyar yara ce ta kawo ta, amma za ta bayar da wannan a rubuce. Ta ninke takardar.

"Mutumin nan ni da shi ba ma shiri," in ji ta. "Taurin kai gare shi, kuma ban zo wanke shi ba. Amma abin da ya faɗa gaskiya ne, har ma ya rage. Da na koma aikin safe, yaran nan da kai a tsefe suke zuwa makaranta, abin yana ci mini rai. Wata rana na dawo na tarar an yi musu kitso duk a karkace, kamar hanyar gona. Na tambaya, suka ce Baba ne. Ashe shagon wata mai kitso ya je nan Wheaton, ya zauna cikin mata suna masa dariya, ya ce a koya masa. Bai fasa zuwa ba har hannunsa ya faɗa. Yanzu shukun da yake musu ya fi nawa."

Kafin ta rufe baki Isuhu ya miƙe daga can gefen taga. "Kalaba ce, Saratu! Shukun ban gama iya shi ba!"

Doka ta hana katse mai magana. Shugaba ta ɗaure fuska ta ce, "Me ya ce?" Na yi bayani cewa gyara ya yi, wai irin kitson da aka yabe shi da shi ba shi ne ya ƙware a kai ba. Sai zaure ya ɓarke da dariya, har da mai gadi. Saratu ta kawar da kai tana danne tata. Misis Hargrove ta cire tabarau tana share ido, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Na raini 'ya'ya mata. Duk wanda ya iya zaunar da yarinya har a gama kitso, ba mai ziyara ba ne. Zauna, malam."

Da dariya ta lafa, wakiliyar iyayen da ke karɓa ta yi wa Saratu tambayar da ta kamata. "Kin san in aka lissafa ranakunsa, abin da kike karɓa zai iya raguwa?"

Saratu ta ce, "Na sani, kuma ba na so ya ragu, don ba a yalwace nake ba. Amma yaran nan suna da ido. Ba zan so su girma su ji an ce ubansu baƙo ne ina zaune na yi shiru ba."

A zaman kwamiti na gaba an kai ruwa rana. Masanin tattalin arziki ya ce dare yana ƙirguwa, rana kuwa ta yaya za a auna ta? Wakiliyar masu karɓa ta ce tana tsoron wani ya ɗauko yaro daga makaranta sau ɗaya ya zo yana neman ragi, kuma tana da gaskiya. Aka yi ta gyara kalmomi har aka tsaya a kan sakin layi guda: a ba alƙali damar duba kulawar rana idan aikin uba ko uwa na dare ne, muddin kulawar ta yau da kullum ce. Da aka zo ƙuri'a, wakilan nan biyu suka ɗaga hannu tare, suka dubi juna kamar an kama su da laifi. Da hannuna na buga wannan sakin layin a rahoto, ina murmushi ni kaɗai.

Shawara dai shawara ce, kuma tafiyarta a majalisa irin ta hawainiya ce. Amma Isuhu da Saratu ba su jira ba. Suka zauna da mai shiga tsakani, suka tsara rabon riƙon yaran yadda yake a zahiri, suka kai kotu ta sa hannu. Matan unguwa sun so a mayar da aure, kowannensu ya ce a kai kasuwa. Sai dai daga lokacin ana iya gayyatarsu taro ɗaya ba tare da fargaba ba.

Abin da na koya shi ne, ƙa'ida a ofis ake rubuta ta, da mutanen da ke aiki da rana su yi barci da dare, don haka rayuwa irin tasu suke hangowa. Ba mugunta ba ce, iyakar ganinsu ke nan. Abin da ya ɓace musu ba ya fitowa sai an buɗe ƙofa mutane sun shigo sun faɗa da bakinsu. Na kuma koyi kada in yanke wa mutane hukunci da abin da na sani game da rigimarsu, domin mutum na iya ƙin ka ya kuma ƙi a zalunce ka. Saboda haka duk ranar da aka ba ku aikin shirya irin wannan zama, kuka ga wani ya shigo a gajiye yana neman inda zai raɓa, ku tashi ku ba shi kujera a gaba. Wataƙila shi ne ya zo da abin da duk teburin bai sani ba.