Injin Niƙa da Kunnen Baba

Ko da zan manta duk abin da na gani a shekarun da na yi ina tuƙin babbar mota, rigimar injin niƙan nan ta unguwarmu Kabong a Jos ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin Turawa ba su tafi ba. Ina ɗaukar kaya daga Jos zuwa Bauchi, in kwana a hanya, in dawo da safe in kwanta. Sai wata Bayarabiya da muke kira Iya ta kafa injin niƙa a jikin bangon ɗakina. Idan aka tayar da shi har kwanukan matata rawa suke yi. Barci ya gagare ni. Ranar da gyangyaɗi ya kwashe ni a kan sitiyari, na farka tayar gaba na bakin rami, na wuce kai tsaye wurin mai unguwa.

Iya ta ce injinta ba ya damun kowa, ni na ce yana neman kashe ni. Mai unguwa ya ce to a auna. A samu dattijo ya zauna a ɗakina injin yana aiki, abin da ya faɗa shi ke nan. Nan take Iya ta ambaci Baba, wani tsoho da unguwa duka ke girmamawa, wanda shi ke raba gardama tsakanin maƙwabta. Na yarda.

Baba ya zo, ya zauna a tabarmata, aka tayar da inji. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce, "Ɗana, ai wannan ɗan guna-guni ne. Yi haƙuri."

Guna-guni! Ni da nake ɗaga murya kafin matata ta ji ni. Daga ranar na sa masa ido. Na ga 'yar Iya ta shiga gidansa da ƙwaryar gari. Na gaishe shi ta bayansa a hanyar masallaci, ko waiwaye bai yi ba. Na ce wa matata, "An saye tsohon nan, kunyata yake ji." Ta ce in bar zargin mai furfura, amma zuciyata ta riga ta yanke hukunci.

Wata ranar kasuwa ina tsaye a bakin titi, sai ga motar katako tana ja da baya. Direba yana ta danna hon, mutane suna ihu, Baba kuwa yana tsakiyar hanya ya ba ta baya, yana gyara rawaninsa hankali kwance. Iya ce ta watsar da tasarta ta fizgo shi. Tana haki ta daka wa direban tsawa da Hausarta, "Kai ba ka sani Baba ba ya ji?"

Ta faɗa, ta kama bakinta. Idonmu ya haɗu.

Da yamma na je gidan Baba, na zauna a gabansa yadda zai ga bakina. Ya ce shekarun da ya yi yana fasa dutse da nakiya a haƙar kuza ne suka cinye masa kunne. Leɓen mutane yake karantawa. Ya ɓoye ne don kada a daina kawo masa shawara. "In na ce ba na ji, wa zai ƙara sallama a ƙofata?" Garin kuwa, tun rasuwar matarsa Iya ke aiko masa.

Ban tona shi ba. Na roƙi mai unguwa a sake awo: mutum biyu su zauna a ɗakina su yi hira, in sai sun yi ihu, injin ya yi yawa. Mai unguwa da liman suka gwada, suka fito suna dariya. Aka mai da injin bayan fili, aka hana tayar da shi sai bayan azahar.

Iya ta ci gaba da gaishe ni da fara'a har ta bar Jos. Ban taɓa tambayarta ba ko girmamawa ce ta sa ta zaɓi Baba, ko kuwa ta san abin da take yi. Har yau ina da shakka.

Abin da na koya shi ne, zargi yana iya gaya maka cewa akwai lauje a magana, amma ba ya nuna maka mai laifi. Ni nawa a kan tsoho marar ƙarfi ya sauka, don shi ne ya fi sauƙin zargi.