Barewar da Ta Cinye Mana Gida a Kubwa

Ku da kuka san Kaka Dakata kun san ba sunansa na yanka ba ke nan, bakinsa ne ya raɗa masa. Wuta ta kama danga, "Dakata." Maciji ya shiga ɗaki, "Dakata." In ya saki kibiya ta sami nama, sauran maharba su ruga a guje, shi kuwa sai ya nemi gindin itace ya zauna, ya ciro ɓarin goron da ya kwana uku a aljihunsa, ya ɗan gatsa, ya mayar. Wai dabbar da ka harba in ka bi ta da zafi, tsoro zai ƙara mata ƙafa, in ka ƙyale ta kuwa nan kusa za ta kwanta.

Ni jikarsa ce, ni yake kira "matata", kuma ni na fi kowa shan wuyar wannan hali, don Allah Ya yi ni da faɗuwar gaba. Ranar da 'yata Ladi tana rarrafe ta buga hanci a turmi, ihun da na yi har kaji suka watse. Tsohon nan ya taho a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, ya dangwali jinin da yatsa, ya ɗaga wa rana, ya shinshina.

"Ja ne wur. Ba kumfa, ba wari. Ba huhu ba ne, ba hanji ba ne."

"Kaka! 'Yata ce fa, ba barewa ba!"

"Shi ya sa zan ce ki ba ta nono. Da barewa ce, wuƙa zan ce ki ɗauko."

Ga maƙo! Kibiya uku gare shi tun kafin a haifi babana. Wata shekara mugun dawa ya addabi gonar doyarmu, Kaka ya harbe shi, ya gudu da kibiyar a cinya. Kwana uku yana binsa. Da ya dawo ƙafafunsa duk ƙaya, Innata ta ce, "Baba, kai da ba ka cin alade, me ya kai ka?" Ya ce naman ya bar wa su Baba Yohanna maƙwabtanmu, shi kayansa ya je karɓowa.

Da aka fara maganar wai za a ɗauko gwamnati daga Legas a kawo nan, sai ga masu awo sun zo suna kafa turaku masu jan fenti a bayan gari. Kaka ya ga ja-ja a jere cikin ciyawa, ya ɗauka wani maharbi ne yake sa alamar jini. Ya bi su tun hantsi har la'asar. Ya dawo ya zauna, bai ko taɓa tuwo ba.

Na ce, "Angona, ka samo naman?"

Ya ce, "Ban taɓa ganin dabba mai rauni tana tafiya a miƙe haka ba. Layin ya ratsa rafi, ya ratsa kaburbura, ya zo ya tsaya a bayan rumbunki." Ya juyo wajena. "Matata, mu aka harba."

Muka yi ta dariya. Wallahi muka yi dariya har da riƙe ciki.

Bayan damina biyu aka ce unguwarmu ta tashi. An gina mana gidaje a Kubwa, babbar mota za ta kwashe mu ranar Laraba da azahar, kuma duk maigidan da bai je ya dangwala yatsa a takarda ranar ba, wani za a ba gidan. Namu da sunan Kaka aka rubuta, don babana ya rasu, mijina kuma yana can yana leburanci a wajen gini, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Ga Ladi kwana biyu jikinta zafi rau, an ce can akwai ɗakin shan magani kusa. Ni dai tun asuba na ɗaure kaya.

Na leƙa ɗakin Kaka, babu shi, babu baka, babu kwari.

Na goya Ladi na bi bayan gari. Na same shi a gindin ɗorawa a zaune, kibiya a kan cinyarsa. Wai ba zai kai mu sabon gida da miya lami ba, ya fita neman naman ƙarshe. Ya sami barewa kuwa, amma harbin ya kauce. Ga shi babu dafi a kibiyar, itacen da yake haɗa shi da shi katafila ta tuge tun bara. Ya miƙo mini kibiyar. Ba sai na kai hanci ba, wani kore-kore ne a jikinta mai warin tumbi.

"A ciki na same ta. Irin wannan ba ta mutuwa da wuri. Sai rana ta take tsaka za mu bi."

"Kaka, mota azahar za ta tashi! Ka bar ta, don girman Allah."

"In bar ta? Tana can hanjinta yana zuba, ungulu za su fara ta da ranta. Ni na sa mata wannan. Dakata."

Na yi kuka, na yi zagi irin wanda jika kaɗai ke iya yi wa kakanta, na ce masa tsohon banza mai kashe jikoki saboda nama. Ko gezau. Na kasa tafiya kuma, don yatsansa ake so a takardar, ba nawa ba.

Da rana ta take tsaka ya tashi. Ya sunkuya inda barewar ta tsaya, ya yi ta shafa ciyawa da tafin hannu, gaba da baya. Ga ɗigon jini nan ɓaro-ɓaro a kan ganye, taku ɗaya daga ƙafarsa, bai gan shi ba. A nan na gane idonsa ya tafi, kuma ya daɗe yana ɓoye mana.

Na ce, "Ga shi nan, ta hagunka."

Bai dube ni ba. Ya ce, "To, shige gaba. Inda kika ga na ƙarshe ki ƙulle ciyawa, in ya ɓace mu dawo nan."

Haka muka yi ta tafiya, ni da goyo mai zafi kamar garwashi a bayana, ina ƙulla ciyawa, yana koya mini. Kar in duba ƙasa kawai, in duba ƙasan ganye daidai gwiwa. In na rasa jini in nemi inda cinnaku suka taru. Muka ga inda ta kwanta sau biyu ta tashi. Sai daji ya ƙare ɗif, muka fito filin da katafila ta share, jar ƙasa har iyakar gani. Jini a kan jar ƙasa, wa zai gan shi? Sawun tayoyi duk ya tattake wurin. Wani mai gadi ya taso yana ɗaga sanda.

"Baba, ina zuwa? Oga ya ce ba shiga!"

"Ka gaya wa oganka ina da mara lafiya a ciki."

Mutumin ya ga Ladi a bayana, ya matsa. Bai san ba ita ake nufi ba.

Kaka ya ce mai ciwon ciki ƙishirwa ke kashe ta, rafi za ta nufa. Muna tsakiyar filin nan na ji ƙahon mota daga gari, sau uku, dogo. Na tsaya. Na ji injin ya tashi, ya yi nisa, ya ɓace. Kaka ma ya ji, kunnensa garau yake. Ya ci gaba da jan ƙafa.

Rafin babu shi. An tare ruwan tun daga sama, an jera manyan bututun siminti a kwarin. A cikin na uku na gan ta, ta cusa baki a busasshiyar laka inda ta saba shan ruwa. Tana numfashi sama-sama, ƙudaje sun rufe cikin. Ta dube mu, ba ta ko yunƙura ba. Kaka ya rarrafa ya shiga, ya lalubo wuyanta, ya yi bisimilla. Na ji yana ce mata, "Yi haƙuri, na daɗe."

Rabin naman ya ɓaci. Sauran ni na ɗauko a kafaɗa kamar yadda matanmu ke ɗaukar kaya, muka koma unguwa babu kowa sai karnuka. Washegari muka isa Kubwa, gidan an ba wani, har an sa masa labule. Shi ya sa kuka gan mu a Dutse Alhaji cikin ɗakin laka guda, mu biyar. Ladi ta tashi, Allah Ya yi da sauran kwananta, amma sai da na yi sati ina kwana a zaune. Wata shida ban ce wa tsohon nan ko sannu ba. Ina ajiye masa tuwo in juya. Shi kuma bai sake taɓa baka ba.

Bana, watan da manya suka gama tarewa daga Legas ana ta jiniya a titi, ciwo ya kwantar da shi. Ya kira ni.

"Matata, na cinye miki gida."

"Ka cinye, har da ƙofa da taga."

"Ki yafe. Amma kar in yi miki ƙarya ina kan hanya, ko yau ne sai na bi barewar nan."

Na ce na sani, kuma na yafe. Ya ce to in ɗan gyara masa matashi, na cika surutu. Kafin la'asar ya cika.

Ya Allah, bawan nan naKa bai yarda ya bar dabbar da ya raunata ta mutu ita kaɗai ba, ko da ya rasa komai. Kada Ka bar shi shi kaɗai a inda yake kwance. Ka haskaka masa, Ka mayar masa da idonsa, Ka yafe masa kamar yadda na yafe. Amin.