Ranar da Baffa Ya Harbe Gada

Duk sanda na ji ƙaurin babbaka ranar layya, baffana nake tunawa, ƙanen mahaifina, sai in ji na yi tsaki ban shirya ba.

Gidanmu a Zakka ba ma cin gada. Kan gidanmu ce. Kakata ta ce kakan kakanmu ya taɓa ɓata a dajin Rugu, ƙishirwa ta kusa kashe shi, ya bi sawun gada har bakin gulbi. Tun daga nan jikokinsa ba su ɗaga mata hannu.

Ina aji shida, lokacin da kuɗin fetur suka fara ruɗa mutane, hedimasta ya shirya kai mu bakin gulbin nan kallon namun daji. Baffa ya samu kwangila a Kaduna, ya dawo da tumbi da tabarau da bindigar Bature. Shi ya ba da babbar mota, don haka dole aka tafi da shi. Da asuba Kaka ta ƙulle mini dawo a gefen zane, ta ce, "In kin ga 'yar'uwarmu ki gaishe ta."

Lokacin kaka ne, gero ya nuna, ruwa ya ja baya. Muka sauka gindin wata ɗinya. Wayyo daji! Birai na jifanmu da ɗinya, zabin daji sun cika rairayi, ga kada can ya shanya baki kamar ya mutu. Malamai kuwa ko kallo, suna ta zagaye Baffa, "ranka ya daɗe" kamar za su cinye shi.

Bayan azahar sai ga gada ta sauko shan ruwa, 'yar ƙarama, ƙafafu kamar tsinke. Na buɗe baki ke nan zan gaishe ta, sai na ji dam! Malamai har da tafi. Wai jarumi! Dabbar da ta sunkuya tana shan ruwa fa.

Aka yanka, aka feɗe, aka babbake kan, aka gasa naman, Baffa ya miƙo mini tsoka da hannunsa.

"Karɓi, ɗiyata. Zancen tsofaffi ne, kai ya waye."

Idon hedimasta a kaina, yawu ya cika mini baki, don rabona da nama tun layya. Na mai da hannuwana baya, na ce, "Na ƙoshi, Baffa." Ya yi dariya, maiƙo har haɓa.

Ba ni na faɗa wa Kaka ba. Shi ya shigo gida yana kaɗa fatar. Kaka ta miƙe. Ta ɗauki akushinsa daga cikin na 'ya'yanta, ta aika da shi zaure cikin kwanonin baƙi. Har ta rasu can ake kai masa tuwo.

Yau dajin ba ya shiguwa, ko zomo sai an tona. Baffa na nan, ba kwangila ba haƙora. Bara na tarar ya tara jikoki yana ce musu marasa imani sun ƙarar da namun Rugu. Ƙaramarsu ta tambaye shi yadda gada take. Sai na ce ta duba buzun da yake zaune a kai.