Ƙarfen da ya faɗo a gonar Kawu

Tasawa. Ana sallame asuba na kama hanya. Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, fari ya share rumbuna tas. Saƙo ne ya same ni cewa wani ƙarfe ya faɗo daga sama a gonar Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, a Cake. Mutane sun ce gatarin aradu ne, alamar ruwa ya kusa, shi kuma Kawu zai yi binne, wato shuka kafin ruwa, da ɗan irin geron da ya rage masa. In ya zuba shi a busasshiyar ƙasa ruwa bai zo ba, gara ta cinye, gidan nan ya tashi ke nan. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Mayahi. Kamyon, babbar motar dawar taimako, na hau, bisa buhuna. A shingen shiga gari jandarma ya karɓi takarduna, da ya ga tsohon soja ne mai aikin rediyo sai ya sara mini. Na sha fura tsararo a tasha, na samu amalanken jaki.

Cake. Da la'asar na iso. Ga abin nan kamar tulu, ya ƙone baƙi ƙirin, mata na kwara masa nono yadda ake yi wa wurin da aradu ta faɗa. Nonon da yara ba su samu ba! Na ƙwanƙwasa shi, ya amsa kamar tanderun da ba komai ciki. Na gaya wa Kawu tun a bariki aka koya mana: sojan Turawa kan harba taurarin ƙarfe sama don gwada rada, na'urar da ke hango makamai masu linzami. Ɓaraguzan ɗaya ne wannan. Ya ce boko ya ɓata ni. Sai na kankare gefensa da wuƙa, lambobi da kusoshi suka fito.

"Kawu, aradu ta shiga lakwal ne, har ta iya rubuta lamba?"

Ya daɗe yana kallo. "Wato suna hangen makami daga can, ba su hango yunwarmu ba?" Ya ɗaure bakin buhun iri ya maida ɗaka, ya ce a kai wa yara nonon.

Tasawa. Na dawo gida lafiya, na gode Allah. Ruwa bai sauka ba sai da wata ya juya. Waɗanda suka yi binne sun rasa iri, na Kawu aka rarraba musu.